Zanen Da Ke Jikin Jirgi: Abin Da Na Karo A Ajin Dokar Teku

'Yan uwa mazauna Ikko da kewaye, da na Sabon Ibadan, da na Fatakwal da Warri, da duk inda neman abinci ya jefa mu. Wasu daga cikinku sun sha tsare ni a bakin masallaci suna tambaya wai wane irin karatu ne na koma yi da furfura a gemu. To ga amsar nan yau, sai dai ina rokon mai karatu ya yi hakuri, don sai mun bi ta Ingila da Sanigal kafin mu dawo gida.

Ni dai mutumin Yawuri ne, kuma tun 1998 nake cin abinci a tashar jiragen ruwa ta Apapa, na fara da rike takardun fiton kaya, daga baya na koma bangaren tsaro. A 2022 ne wurin da nake aiki suka tura mu wani kwas na sanin dokokin kare jiragen ruwa daga hadari da kuma tsaronsu. Malaminmu wani tsohon kyaftin ne, Bayarabe, wanda ya kwashe rabin rayuwarsa a kan ruwa. Ranar farko bai bude littafi ba. Fitar da mu ya yi zuwa bakin kwata, ya nuna mana wani jirgin dakon alkama, ya ce kowa ya fada masa abin da ya gani a tsakiyar jikinsa. Wallahi shekara 24 ina wucewa ta gaban zanen nan, wani da'ira da layi ya ratsa ta, ga wasu gajerun layuka a gefe kamar tsani, amma ban taba tambayar ko mene ne ba. Na dauka tambarin kamfani ne.

Ashe wannan zane shi ne kakan dukkan dokokin da za mu karanta. A Ingila cikin karni na 19, akwai masu jiragen ruwa da suka gano wata muguwar hanyar cin riba. Sai mutum ya sayi rubabben jirgi, ya shafe shi da fenti, ya yi masa inshora mai tsoka, ya dankara masa kaya har ruwa ya kusa shafe bakinsa, sannan ya tura shi teku. In ya isa, riba; in ya nutse, riba. Mutane suka rika kiran irin wadannan jirage akwatin gawa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, matukin da ya riga ya sa hannu a takardar aiki, in ya ga halin da jirgin yake ciki ya ce ba zai shiga ba, doka ta ba da dama a daure shi, kuma an daure da yawa. Sai wani dan kasuwar gawayin kwal mai suna Samuel Plimsoll, wanda ya shiga majalisar dokoki a 1868 yana wakiltar garin Derby, ya dauki maganar nan kamar jinin jikinsa. A watan Yulin 1875, da gwamnatin Disraeli ta ce ta jingine kudurin dokar, mutumin nan ya tayar da kayar baya a zauren majalisa har sai da aka sa shi ya ba da hakuri daga baya. Amma talakawa sun goyi bayansa, don haka a 1876 aka yi dokar da ta tilasta wa kowane jirgi ya dauki alamar iyakar lodi.

Sai dai ka san halin mai kudi. Dokar ta ce a yi zane, amma ta bar wa mai jirgi ya zabi inda zai yi shi. Har ana ba da labarin wani da ya zana nasa a jikin bututun hayaki don izgili. Sai a 1890 hukuma ta karbe ikon fadin inda layin zai zauna. Su kuwa kananan layukan nan masu kama da tsani, kowanne da ma'anarsa, saboda ruwa ba daya ba ne. Ruwan gishiri ya fi na kogi daukar nauyi, don haka jirgin da ya shigo ruwan dadi zai dan kara nutsawa. Akwai layin yankuna masu zafi irin namu, akwai na bazara, akwai na hunturu, sannan can kasa akwai na hunturun arewacin tekun Atilantika, inda igiyar ruwa ba ta san wasa ba. Kasashen duniya sun amince da wannan tsari a 1930, suka sake sabunta shi a 1966.

Daga nan muka shiga babbar yarjejeniyar da ake kira SOLAS, wato ta kare rayuka a teku, kuma ita ma gawa ce ta haife ta. Kowa ya ji labarin Titanic, ko da a fim ne, jirgin da ya yi karo da dutsen kankara a watan Afrilun 1912. Abin da fim bai bayyana sosai ba shi ne, jirgin nan bai karya doka ba. Yana dauke da mutum sama da 2,200, amma kananan jiragen ceto 20 kacal gare shi, masu cin mutum 1,178. Dokar da ake aiki da ita tun ta 1894 ce, lokacin da ake ganin jirgi mai tan 10,000 shi ne karshen girma, kuma ta nemi jiragen ceto 16 ne daga duk wanda ya wuce haka. Titanic ya haura tan 46,000, to amma a takarda har ya yi kari a kan abin da aka nema. Ga kuma wani jirgi mai suna Californian da ke kusa, wanda mai kula da na'urar tangarahonsa ya kashe ta ya je ya kwanta, don babu dokar da ta ce a saurara dare da rana. Mutum kusan 1,500 suka halaka. A Janairun 1914 aka sa hannu kan SOLAS ta farko a Landan, wadda ta ce lallai kowane rai da ke cikin jirgi ya samu gurbi a jirgin ceto. Yakin duniya na daya ya hana ta aiki yadda ya kamata, aka sake ta a 1929, da 1948, da 1960, sai ta 1974 wadda ta fara aiki a 1980, kuma ita ce har gobe ake yi wa kwaskwarima.

Akwai wata dabara a cikin ta 1974 da ta burge ni. A da, in an kawo gyara sai an jira kasashe masu yawa sun ce sun yarda, abin ya dauki shekaru har gyaran ya tsufa. Sai aka juya abin: an sa rana, in ranar ta zo gyara ya zama doka, sai fa idan kasashe masu yawa sun fito fili sun ce ba su yarda ba. Wato shiru ma amsa ce, kamar na budurwa a wajen daurin aure. Hukumar da ke kula da wannan duka ita ce IMO, reshen Majalisar Dinkin Duniya mai mazauni a Landan, wadda ta fara zama a 1959.

Kyaftin yana da wata al'ada, duk babin da za mu shiga sai ya fara rubuta sunan jirgi a allo. Da muka zo kan gurbata teku ya rubuta Torrey Canyon, tankar man da ta fashe a gabar Ingila a 1967, wadda ta jawo yarjejeniyar MARPOL ta 1973. Da muka zo kan yadda kamfani zai tafiyar da jirginsa ya rubuta Herald of Free Enterprise. Wannan jirgin fito ne mai daukar motoci da fasinja, ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam ranar 6 ga Maris 1987 da kofar gabansa a bude, domin wanda aka dora wa rufe ta barci ya kwashe shi a dakinsa. Ruwa ya kwararo, cikin kamar minti daya da rabi jirgi ya kife, mutum 193 suka mutu. Da an bi ta son rai, sai a rataya wa mai barcin nan laifi a wuce wurin. Amma alkalin da ya yi binciken ya ki tsayawa a kansa, ya hau har ofishin manya, inda aka gano cewa kyaftin-kyaftin na kamfanin sun taba rokon a sa musu fitilar da za ta nuna ko kofa a rufe take, aka yi watsi da su. Daga nan aka samu ka'idar ISM, wadda aka amince da ita a 1993 ta zama tilas daga 1998, kuma ita ce ta ce dole kamfani ya ware mutum guda a tudu wanda alhakin lafiyar jirgi ke wuyansa, mai ikon shiga ofishin shugaba kai tsaye.

Wani abin da mai karatu zai yi mamaki shi ne, in ka duba bayan jiragen da ke Apapa za ka ga da yawa an rubuta Monrovia ko Panama, alhali masu su ba su taba taka kasashen ba. Doka ta ce kasar da jirgi ya dauki tutarta ita ke da alhakin duba shi, sai masu jirage suka rika neman tuta mai sauki. Maganin da aka samo shi ne ba wa kasar da jirgi ya yada zango ikon hawa ta duba shi, ta tsare shi in ya gaza. Turai ta fara a 1982, mu kuma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka kulla namu a Abuja a 1999.

Duk wannan bangare daya ne, na kariya daga hadari, wato abin da ruwa ko wuta ko sakaci ke jawowa. Daya bangaren shi ne tsaro, abin da dan Adam ke kullawa da gangan, kuma a nan ne na sha wuya a jarrabawa. Ni a sanina duk wanda ya hau jirgi da bindiga dan fashin teku ne. Ashe a wurin lauyoyi ba haka ba ne. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce kafin a kira abu fashin teku, sai ya faru a wajen ruwan mallakar kowace kasa, wato bayan mil 12 na teku daga gaba, sai an yi shi don amfanin kai, kuma sai ya kasance daga wani jirgi aka far wa wani. To a Oktoban 1985 wasu Falasdinawa hudu suka shiga jirgin Italiya mai suna Achille Lauro a matsayin fasinja, suka kwace shi a kusa da Masar, suka kashe wani tsoho Ba'amurke mai keken guragu, Leon Klinghoffer. Jirgi daya ne, manufar kuma ta siyasa ce, don haka ma'anar nan ba ta kama su ba. Wannan gibi ne ya haifi yarjejeniyar SUA da aka kulla a birnin Rum a 1988, wadda ta ce duk kasar da ta kama irin wadannan mutane, ko ta gurfanar da su ko ta mika su.

Sai kuma ka'idar da ta shafi tuwona kai tsaye, ISPS. An kai wa jirgin yakin Amurka USS Cole hari a Aden a shekarar 2000, aka kai harin 11 ga Satumban 2001, aka kuma fasa tankar Faransa Limburg a gabar Yaman a Oktoban 2002. Amurka ta matsa, a Disamban 2002 aka amince da ka'idar, ta fara aiki 1 ga Yulin 2004. Ban san wata dokar teku da aka yi da sauri haka ba. Ita ce ta kawo matakan tsaro uku, da jami'in tsaro a jirgi da a kamfani da a tasha, da wani maballi na boye wanda in an danna shi ba a jin kara a cikin jirgi amma sako ya isa tudu, da kuma rike bayanin tashoshi 10 na karshe da jirgi ya ziyarta.

Tsofaffin Apapa sun san yadda tashar nan take a da. Tun zamanin cunkoson siminti na 1975, lokacin da jirage sama da 400 suka yi layi a bakin Ikko wasu har watanni, tasha ta zama kamar kasuwa, kuma barayi a kwale-kwale suka samu gona. Ko sanda na zo, kowa shiga yake: 'yan dako, masu shayi, masu yankan farce, 'yan canji, da barayin zaune. Da ISPS ta zo, ga kuma mika tashoshin ga 'yan kasuwa a 2006, sai aka ja katanga aka sa kati. Sata ta ragu, wannan gaskiya ce. Amma mutanenmu da yawa abincinsu ya kare a nan. Akwai wani dattijo mai shayi, sa'an mahaifina, wanda ya ciyar da ni bashi watanni lokacin da ban da ko sisi. Ni da kaina, ranar da aka sa ni a kofa, na ce masa, "Baba, ka yi hakuri, ba kati ba shiga." Ya dube ni ya ce, "To dan nan, Allah ya yi maka albarka," ya juya da butarsa. Sai bayan shekara goma sha wani abu, a cikin aji, na san cewa abin da ya faru a Niyok ne ya kore shi daga gindin inuwarsa.

Ita kuwa Nijeriya, ta dade ba ta da dokar da za ta hukunta dan fashin teku da sunansa na dan fashin teku. An kafa hukumar NIMASA a 2006, kasashen yankin suka kulla yarjejeniyar Yawunde a 2013, amma sai a 2019 aka sa hannu kan dokar yaki da fashin teku. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duk duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka sace su. A shekarar ce wata kotun tarayya a Fatakwal ta yanke hukuncin farko a karkashin sabuwar dokar, a 2021 kuma wata a Ikko ta daure mutum 10 da suka kwace wani jirgin kamun kifi na kasar Sin. Daga nan hare-haren suka ragu sosai.

To yanzu ga abin da ya hana ni barci. A makon karshe na daga hannu na ce, "Ranka ya dade, duk wadannan dokoki, wanne ne ya shafi jirgin da ke fiton mutane a kogin Kwara?" Ya cire tabarau ya ce ba ko daya. SOLAS ta jiragen da ke tafiya daga kasa zuwa kasa ce, jiragen kaya ma sai masu tan 500 zuwa sama, kuma ta fito fili ta cire jiragen katako irin na gargajiya. Abin da ke cikin gida, na gwamnatin gida ne. Sai ya tashi ya rubuta suna biyu a allo, wadanda babu babi a gabansu.

Na farko Dona Paz, jirgin fasinja na kasar Filifin da ya yi karo da tankar mai a Disamban 1987, mutum sama da 4,000 suka mutu. Shekara daya ke nan da jirgin Zeebrugge mai mutum 193. Na biyu Le Joola na Sanigal, wanda ke zirga-zirga tsakanin Ziguinchor da Dakar, kuma sojoji ke tafiyar da shi. An kera shi don mutanen da ba su kai 600 ba, amma daren 26 ga Satumban 2002 ya dauki kusan 2,000, cikinsu da dalibai masu komawa makaranta da mata 'yan kasuwa. Hadari ya taso a daura da gabar Gambiya, cikin 'yan mintoci ya kife. Masunta ne suka fara kai dauki, masu ceto na hukuma sai da gari ya waye. Mutum 64 suka tsira, lissafin gwamnati ya ce 1,863 suka rasu, wato ya zarce Titanic. Ministoci sun ajiye aiki, amma a 2003 aka rufe shari'ar a Sanigal, aka dora laifin a kan kyaftin din da shi ma ya mutu a ciki. Wata uku ba su cika ba bayan kifewar Joola kasashen duniya suka taru a Landan, suka fito da ISPS. Sai a 2022 IMO ta fitar da samfurin ka'idoji na jiragen fito na cikin gida, shi ma ba tilas ba ne, shawara ce ga mai so.

Ni ban ga laifin Turawa a nan ba, kowa gawarsa yake yi wa kuka. Plimsoll ma ai ba daga wata kasa ya zo ya yi wa Ingila gyara ba. Mu ma muna da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, tun 1997, hedkwatarta na Lokoja. Amma ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa kasuwar Wara a karamar hukumar Ngaski, makwabtanmu, dauke da mutum sama da 150 da buhuna da babura, ya dare a tsakiyar ruwa, wadanda aka ceto kimanin 20 ne. A karshen Nuwamban shekarar aka yi na Bagwai a Kano, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. A Yunin 2023 aka yi na Patigi a jihar Kwara, 'yan biki sama da 100. A kowanne magana daya ake maimaitawa: lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa, babu rigar ruwa, tafiyar dare. Abin da aka yi wa magani da gwangwanin fenti a 1876 ke nan.

Da na je gida da Sallar layya bayan na karbi takardar shaidata, sai ta kama zan haye ruwa don gaisuwar rasuwa. Na tsaya a bakin kwata ina leken jikin jirgi, har mai jirgin ya ce, "Alhaji, wani abu ka yar?" Na ce, "A'a malam, tambaya gare ni. Yaya kake gane lodi ya isa?" Ya yi dariya, ya durkusa ya dora yatsunsa hudu tsakanin ruwa da bakin katako, ya ce in ya rage haka to an gama, haka ya gada wurin mahaifinsa. Na ce ashe kai ma kana da naka layin. Muna cikin haka sai ga wani ya gangaro da babur da buhun gero biyu, ya ce shi ma kauyen za shi, kuma dan uwan matar mai jirgin ne. Aka matsa aka dora. Na sake duban wurin, yatsa biyu ne da kyar. Na tambaya ko akwai wani jirgin a baya, aka ce sai gobe da hantsi. Na nade kafar wandona, na yi bisimilla, na shiga na zauna kusa da buhun.